"A zamaninmu ba haka ake yi ba"

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Wannan magana ta raba mutane da yawa da iyalansu ba su ankara ba. Da farko yara kan yi shiru su saurara don girmamawa. In aka riƙa maimaita musu ita a kan komai, sai su daina neman shawara, su daina faɗin abin da ke damunsu, har ta kai mutum yana shigowa ɗaki hira ta mutu. Shi kuwa gani yake duniya ce ta lalace, alhali shi ya kore su.

Ba cewa nake a sassauta addini ba. Salla biyar ce, riba haramun ce, zumunci wajibi ne, waɗannan ba sa tsufa. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ɗauki abin da ya saba da shi kawai ya mai da shi addini, duk wanda ya saɓa masa ya zama ɗan bidi'a ko ɗan zamani. A aya ta 170 ta Suratul Baƙara, Allah Ya zargi waɗanda aka kira su zuwa ga abin da Ya saukar suka ce su dai abin da suka tarar da iyayensu a kai za su bi.

Ku duba Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da dama suka yi shahada, Umar ya zo masa da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda. Abubakar ya ja baya, ya ce ta yaya za a yi abin da Manzon Allah (SAW) bai yi ba? Umar bai fasa yi masa magana ba har Allah Ya buɗe ƙirjinsa. Da aka kira Zaidu ɗan Sabit shi ma tambayar da ya yi ke nan, har ya ce da dutse aka sa shi ya ɗauke daga mazauninsa da bai fi masa wannan aiki nauyi ba. Abin lura a nan, Abubakar ya ji tsoron sabon abu kamar kowa, amma ya ci gaba da zama ana muhawara da shi, bai kori mai shawarar ba. Wa ya fi shi son yadda abubuwa suke a zamanin Annabi? Mus'hafin da ke hannunka yau yana cikin albarkar wannan sauraro. Haka a shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya karɓi dabarar haƙa gwalalo daga Salmanul Farisi, abin da Larabawa ba su sani ba a yaƙi.

Mai ƙin sauyi yakan ƙare da zagin kowa. Muslim ya ruwaito cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. Tirmizi da Ibnu Majah kuma sun ruwaito cewa muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ya ƙaurace musu. A hadisin Abu Darda'i game da jam'i, an ce kerkeci tunkiyar da ta ware daga garke yake ci.

Akwai kuma wanda jiyarsa ce ta riƙe shi: muƙamin da ya sauka daga kai, dukiyar da ta tafi, auren da ya mutu. Duk hira sai ya karkato da ita can. Mutane kan tausaya masa na ɗan lokaci, daga baya su gaji, ba don mugunta ba, kowa na da nasa nauyin. Annabi (SAW) ya hana mu yawan "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki, ya koya mana mu ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata.

Don haka gobe in ɗanka ko ƙanwarka suka zo da wata hanya ta yin abu wadda ba ka saba ba, kafin ka ce a'a ka tambayi kanka: Allah ne Ya hana, ko kuwa ni ne ban saba ba? In ba ka da tabbas, ka kai wa malami. In ya tabbata halal ne, ka ce su zauna su nuna maka yadda ake yi.