Ba gudu ne wuyar ba, gani ne

Wani labari ya nuna kamar mutum-mutumi na dab da doke zakarun duniya a ƙwallo. A sassauta, jama'a. Su kansu masu RoboCup, gasar ƙwallon ƙafa ta mutum-mutumi da aka fara a Nagoya ta Japan a 1997, shekarar 2050 suka sa wa wannan burin.

Abin da labarin ya tsallake shi ne yadda na'urar ke gane inda ƙwallo take. A rukunin ƙananan na'urori masu taya, kyamarori ne rataye saman fili, kowace na'ura da tambarin launuka a kanta, kwamfuta a gefe tana aika umarni ta rediyo. Amma kafin a ɗauki hoto, a tantance shi, umarni ya isa, ƙwallo ta riga ta gusa. Ƙwallon da ke gudun mita 6 a daƙiƙa tana cin santimita 60 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Dole manhajar ta yi hasashen inda ƙwallon za ta kasance.

Na'urori masu ƙafa biyu kuwa sun fi shan wuya: kyamarar a kansu take, kowane taku sai hoton ya girgiza, ga fargabar faɗuwa duk lokacin da suka ɗaga ƙafa za su buga.