Ranar da na kai mota wanka bakin kogi

Zafin bazara ne ya kai mu maƙura, irin wanda fanka ke kwaso iska mai zafi ta watsa maka a fuska. Na ce wa iyalina su shirya, ranar Asabar za mu wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogi, inda aka ce akwai rairayi fari fat. Taswirar waya ta ce awa uku. Na ce da irin tuƙina biyu da rabi ne. Uwargida ba ta tanka ba, ta dai ƙara gorar ruwa biyu cikin kaya.

Tun wajen lodi na fara gwaninta. Kujerun naɗewa huɗu, ƙatuwar laima, kula, ƙwallon yara. But ya ƙi rufuwa. Na hango wani ɗan baƙin akwati a lungu yana cin wuri a banza, na zaro shi na ajiye a bakin ƙofa.

Bayan awa biyu, esi a ƙure, muka kama wani dogon hawa a bayan tirela mai tafiyar hawainiya. Allurar zafi ta taɓa ja. Na gangara gefe, na ɗaga bonet, na naɗe hannun riga zan kwance murfin lagireto. Ƙanin matata, wanda muka ɗauko don ya riƙa lura da yara, ya cafke mini hannu.

"Yaya, don Allah bari. A tukunya ne ruwa ke tafasa a digiri 100. Wannan murfin danne shi yake yi, ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Kana kwancewa zai yi maka tsiri a fuska."

Na ce ai na sani, gwada shi nake yi. Minti arba'in muka yi a rakuɓe a inuwar motar, sauran hanyar kuma muka yi ta da gilashi a sauke.

Garin bai fi layi uku ba, amma kogin ya biya wahala. Ya yi wata lanƙwasa kamar ƙugiya, rairayi ya kwanta a cikin lanƙwasar kamar an baza gari a faranti. Motocin mutane duk suna can sama kan tsandauri, masu su na saukowa da kaya a ka. Ni kuwa na ga babu dalilin da mai mota zai yi dako. Wani dattijo da ke gyaran koma kusa da kwalekwalensa ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa nawa har da hon.

Ba mu yi mita talatin ba motar ta tsaya. Na taka totur, tayoyin gaba suka yi ta feshin yashi. Na sa ribas, na ƙara takawa. Ko da na fito, motar ta durƙusa kamar raƙumi, cikinta a kan rairayi. Ba mota ce ta maƙale ba, ni ne na haƙa mata kabari da ƙafata ta dama.

Na yanke shawarar cewa matsalar ba ta gaggawa ba ce. Muka kafa laima, yara suka faɗa ruwa, na cire takalmina na ajiye a bakin gaɓa, na zauna ina wasa da ƙafa a ruwa kamar mai gidan kogin. Dattijon nan ya taho a hankali, ya zagaya motar sau ɗaya, ya dubi rana.

"Ɗana, ka san me ya tara yashin nan?"

Na ce iska, Baba.

"Ruwa ne. A cikin lanƙwasar nan yana tafiya a hankali, sai ya sauke abin da ya ɗauko. Can wancan gefen yana gudu, yana cin gaɓa, shi ya sa ka ga zurfi. Duk inda ka ga yashi, to ruwa ya taɓa kwana a wurin. Kuma akwai madatsa a sama. In sun buɗe don ba da lantarki, ba hadari ba iska za ka ga kogi ya hau."

Na tambaya yaushe suke buɗewa. Ya nuna mini da haɓa. Takalmina na dama ya riga ya kama hanya, yana juyi a kan ruwa cikin natsuwa.

Daga nan girma ya faɗi. Baba ya sa muka sace iskar tayoyi, daga 32 zuwa wajen rabin haka, wai taya mai laushi tana baje tafinta ta hau kan yashi maimakon ta yanka shi. Muka tone ƙarƙashin mota da murfin kula da hannu, muka cusa shimfiɗun ƙafa na cikin motar a gaban tayoyi. Ya kira samari biyar. Da na nufi sitiyari sai ya ce, "A'a, ba wa yaron nan. Ƙafarka tana da nauyi." Ƙanin matata ya sa giya ta biyu, ya saki kulochi kamar mai tsoron tada jariri, ni ina baya ina turi, ruwa yana lasar dugadugaina. Motar ta fita. Ni ban fita ba, na kife, na tashi da yashi har cikin kunne, 'ya'yana suna tafi.

A kan tsandauri na karkaɗe jiki, na dawo da muryar maigida, na ce a miƙo famfon taya mu mayar da iska.

Ƙanin matata ya buɗe but, ya daɗe yana lalube.

"Baban yara," in ji uwargida, tana gyara mayafi, "ba shi ne ɗan baƙin akwatin da ke cin wuri a banza ba?"

Mai faci mafi kusa yana garin gaba. Haka muka kama hanya a gudun keke, tayoyi na lanƙwasa, fitilun gargaɗi na ƙyaftawa. A bakin gada tirelar nan ta safe, ko wata 'yar uwarta, ta danna mana hon ta wuce. Takalmin hagu yana kan cinyar uwargida, ta ce za ta adana mini shi.