Ku bar wa gidan ƙasa tagarsa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Kun dai san gidan nan na lungunmu, gidan tubali tun na kakan kakansu, da magada suka sa aka fasa bangon soro da diga aka kafa wata ƙatuwar taga ta gilashi, wai ɗakin ya yi duhu. To ruwan shekaranjiya ya tsaga bangon, daga kusurwar tagar har ƙasa, sai da na zura yatsu uku a ciki.

Jama'a ba rashin wayewa ne ya sa maginan da can suke yin taga ƙarama ba. Bangon ƙasa shi ke ɗauke da nauyin rufin gaba ɗaya, shi ya sa yake da kauri a gindi yana sirancewa in ya yi sama, kai kuma ka zo ka yashe masa ciki, me kake jira in ba tsagewa ba? Tagar gargajiya a can sama take kusa da rufi, an gitta mata azara ta giginya wadda gara ba ta ci, zafi ya tashi ya fice ta nan, rana ba ta samun hanyar gasa ɗakin, in hunturu ya kama a toshe da tsumma ƙura ta tsaya waje. Ga sutura, mai wucewa a lungu ba ya ganin iyalinka.

Ku shiga Gidan Makama na Kano a watan Afrilu da tsakar rana, gidan da asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya hau mulki a 1463, ku ji sanyin da ke ciki sannan ku dawo mu yi magana.

Wani zai ce ai zamani ya canza, mutane na son haske. Haske na tsakar gida malam, can ake wuni, ɗaki na kwana ne. Mai son gilashi ya je ya yi ginin bulo a filinsa ba wanda ya hana shi, amma gidan ƙasa a bar masa tagarsa. A bar masa tagarsa don Allah.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ma alkukin da ke jikin bangon nan, inda tsohuwar gidan take ajiye fitila muna yara muna zuwa tatsuniya, shi ma sun cike shi da siminti. Af, wai wa ya san inda ake samun makuba yanzu a cikin gari? Bangonmu na gabas yana son yaɓe.