Alhaji Bakano da Ramin Noti a Garejin Bazazzagi

A wani gareji da ke kusa da kasuwar Panteka a Kaduna, an sauke injin wata tsohuwar Fijo 504 ana yi masa garambawul. Mai motar Bakano ne, bakaniken kuwa Bazazzagi, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin waɗannan biyun.

BAKANIKE: Kai yaro, zo nan ka gaya mini gaskiya. Na tafi sallar azahar na bar wannan kusa ta bakin salansa a ɗaure lafiya, yanzu kuma na dawo na tarar tana juyawa a cikin raminta ba ta kama komai. Wa ya taɓa ta?

YARO: Maigida, ni dai ruwa na tafi ɗebowa, amma da na dawo na ga an zura bututu a wutsiyar sifana mai lamba 13, kuma na ga babbar riga tana lilo a jikinsa.

ALHAJI: Ba lilo na yi ba, taimako na yi. Wannan mota a Kakuri aka haɗa ta, a kamfanin Fijo da ya fara aiki a 1975, kuma tun mahaifina yana raye ba ta taɓa zubar da ko kusa ɗaya a hanyar Zariya ba, saboda haka ba zan bari ɗaurin Bazazzagi, wanda ko ɗaurin buhun barkono bai kai ba, ya kunyata ta ba.

BAKANIKE: To, Alhaji, ka taimake ta har ka kwashe mata haƙora. Gangar jikin injin nan baƙin ƙarfe ce, amma kansa, wato tof silinda, alminiyam ne, kuma alminiyam ya fi ƙarfen kusa laushi nesa ba kusa ba. Da ka hau bututun nan, kusar ba ta karye ba, sai ta tsige zaren da ke cikin ramin ta fito da shi. Duba jikinta, wannan farin abu da ya nannaɗe ta shi ne zaren ramin naka.

ALHAJI: Tunda ga shi nan bai ɓata ba, sai a mayar da shi inda ya fito.

BAKANIKE: Ba ya komawa.

ALHAJI: To, a naɗa wa kusar leda ko zaren buhu, a cusa tsinken ashana biyu a gefe, kamar yadda kafinta ya yi wa ƙofar shagona a Kwari.

BAKANIKE: Ƙofar shagonka ba ta yin zafi. Nan hayaƙin injin yake fita, kuma kafin ka kai Kawo ledar ta narke, ashanar ta zama toka, gaskit ya fara hura wuta, motar ta riƙa ƙara har mutane su ɗauka injin markaɗe ne ya hau titi. Gam ma da kake shirin ambata, na ga bakinka ya fara motsi, ba zai jure zafin wurin nan ba.

ALHAJI: A sa babbar kusa mana, ai akwai su a Panteka tuli.

Wannan karon dai Alhaji bai yi nisa da gaskiya ba, kuma bakaniken ma sai da ya ɗan yi shiru.

BAKANIKE: Ana yin haka. Kusarka mai kaurin milimita 8 ce, ana iya huda ramin da bakin huda na 8.5 a yanka sabon zare na kusa mai milimita 10. Sai dai dole a faɗaɗa hudar bakin salansar ita ma, a rage naman da ke kewaye da ramin, alhali hanyar ruwan sanyaya injin tana bi ta cikin kan nan. Idan hannu ya zarce aka ɓula ta, ka tashi daga neman kusa ka koma neman tof silinda. Ni Helicoil zan sa.

ALHAJI: Shi kuma ɗan wane gari ne?

BAKANIKE: Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an murɗa ta zagaye-zagaye, bayanta yana kama alminiyam, cikinta kuma ya zama sabon zare daidai da kusarka ta asali. Yaro, toshe ƙofar hayaƙin da tsumma, ka miƙo bakin huda na 8.3, sannan ka tsaya a gefe ka zuba ido, idan ka ga na karkata ko da kaɗan ne ka yi magana, domin ramin da ya karkace kusarsa ma a karkace za ta zauna har abada.

ALHAJI: Tsaya! Ramin ya yi wa kusa yawa, maganinka kuma shi ne ka ƙara masa faɗi? Wannan lissafin Zazzau ne.

BAKANIKE: Sai an share ragowar tsohon zaren sannan a sami wurin yanka sabo. Ga abin yanka zaren nan, nasa ne na musamman, wanda ake yi wa kusa ta yau da kullum ba zai yi ba. Ka ga na shafa masa giris domin ɓurɓushin ya manne a jikinsa. Ina juya shi rabin zagaye gaba, in dawo da shi baya kaɗan domin ya karya abin da ya yanko, kuma ba a yin gaggawa. Yanzu sai in murɗa wayar a ciki har ta nutse ƙasa da bakin ramin kaɗan, sannan in sa ɗan ƙarfe in buge wutsiyar da aka riƙe ta da ita, in fitar da ita.

ALHAJI: Ka karya mini ita a gabana! Sabuwa fil na saya, saboda haka a cire kuɗin wutsiyar daga lissafi. Wannan ɓurɓushin alminiyam ɗin ma a tara mini a takarda, masu ƙera tukunya suna saye.

BAKANIKE: Za a tara maka. Yanzu kuma da sifana mai awo zan ɗaure, wadda take yin ƙara idan ɗauri ya kai, kuma idan ta yi ƙarar, kowa ya cire hannunsa, har da masu babbar riga.

YARO: Maigida, kada ka rufe akwatin wayar tukuna. Kafin in ajiye bokitin ruwan, na ga Alhaji ya taimaki wasu guda uku a layin ƙasa.

BAKANIKE: Innalillahi! Alhaji, huɗu ke nan?

ALHAJI: To, ai magana ta canja, bawana. Tunda huɗu ne, sari ke nan, sai ka faɗi farashin sari.