Yabon Maƙwabciya

Karatu ne ya kai ni Hirosaki, can arewacin Japan, garin tuffa da dusar ƙanƙara. Yankin nan ne mahaifar abin kiɗan nan shamisen irin na Tsugaru, wanda makafi suka riƙa kaɗawa ƙofa-ƙofa ana ba su shinkafa, yau kuma har gasarsa ake yi duk watan Mayu. Da na ga abin, tsirkiya uku, dogon wuya, ga fata an ɗame, sai na ce a raina, ai molo ne ya samu gata. Na je na yi rajista wurin wata dattijuwar malama ina taƙama.

Zama ma aiki ne: a kan dugadugai, gwiwa a haɗe, baya a miƙe. Sai ta miƙo mini wani faffaɗan makaɗi da suke kira bachi, wanda ake maƙale shi da ɗan ƙaramin yatsa ta baya har sai yatsan ya yi tsami. Wuyan kuwa sumul yake, babu ko alamar inda za ka danna. Sandunan ɗaure tsirkiya ba su da maƙulli, matsi kawai ke riƙe su, sai kana murɗawa kana turawa ciki. Na murɗa ban tura ba, sanda ta warware fir, tsirkiya ta yi laƙwas. Sensei, wato malamar, ta gyara ba ta ce uffan ba.

Abin da ya burge ni shi ne ƙara. A salon Tsugaru, bachi ba tsirkiya kaɗai yake bugu ba, har fatar yake duka, don haka kiɗa da ganga ne a haɗe. Ni kuwa ko ban iya komai ba, na iya duka.

Sensei ta ba ni aron wani tsohon shamisen in riƙa gwadawa a gida. Ɗakina kuwa bangonsa ko tari ka yi, na kusa zai ce maka sannu.

Wata safiya wurin zubar da shara, maƙwabciyata, wata tsohuwa mai fara'a, ta sunkuya ta ce, “Ɗan nan, kana ƙoƙari ƙwarai. Har sha ɗayan dare muna jin ka.”

Kaina ya kumbura. Na ce ashe har na samu masoya. A daren nan na ƙara awa guda, na kuma matso kusa da bango don kada wani abu ya wuce ta.

Ba a jima ba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da ledar tuffa. “Maigidana ma ya ce yanzu ya haddace kiɗan nan. Musamman wurin da kake tsayawa ka sake daga farko.”

Na kai wa Sensei labari ina washe baki. Ta ajiye bachi a hankali. Ta tambaye ni sau nawa matar ta yabe ni. Na ce sau biyu. Ta ce da tuffa? Na ce da tuffa. Ta rufe ido, ta daɗe.

“Ba yabo ba ne,” in ji ta. “Wanda ya faɗa maka ƙarfe nawa ya ji ka, cewa yake ka hana shi barci. Tuffar nan kuma roƙo ne.”

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani dogon katako siriri, shinobi-goma, da ake sa shi ƙarƙashin tsirkiya a madadin ɗan ƙaramin da ke tokare ta a kan fata. Yana zama a kan bakin katakon jikin, fatar ba ta motsi, ƙara ta mutu. Ta kuma sa na sayi kwalin alewa, ta ce da kanta za ta raka ni, don ba ta yarda da kunnena ba.

Muka yi ta sunkuye-sunkuye a bakin ƙofa. Tsohuwa ta karɓi kwali da hannu biyu, ta ce, “Ayya, wace damuwa? Kwana biyun nan ma shiru muke ji, har mun yi kewa. Ko ka daina ne?”

Na buɗe baki zan ce ai in sun yi kewa, yau ɗin nan zan cire katakon. Sensei ta taka mini ƙafa.