Rim mai rami shida ba duka ne na motarka ba

Masu Hilux da Prado da Land Cruiser da L200 na garin nan, musamman masu shiga ƙauyuka da damina, ku ɗan ara min kunnenku. Babu kalmar da ta kai "ya shiga" cin kusoshin taya a Kaduna. Mutum ya je Panteka ko Oriapata ya ga rim ya burge shi, mai kaya ya ƙirga ramuka ya ce "Alhaji shida ne, naka ma shida ne", yaro ya ɗora ya ɗaure, kowa ya ce ya shiga. Bayan wata biyu ana tafe a hanyar Kachia sai taya ta wuce mai ita. A ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma irin wannan tayar tun a wurin ɗauri aka sallame ta.

Yawan ramuka shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Abin da ke gaba da shi faɗin da'irar da kusoshin suke kai, wanda ake rubuta wa PCD. Hilux, Prado, 4Runner, FJ Cruiser, L200, Pajero, Ford Ranger, D-Max da Nissan Patrol duk 6x139.7 ne, wato kusa shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, inci biyar da rabi ke nan. Amma Navara ta 2005 zuwa sama, da Pathfinder da Xterra na wannan zamanin, 6x114.3 ne. Shida ne su ma, sai dai ba za su taɓa hawa kan Hilux ba. Awon mai shida ba wuya: daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Mai biyar ne ke rikita mutane tunda ba rami biyu da ke fuskantar juna. Auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta: in ka samu wajen milimita 88, to 5x150 ne na Land Cruiser 100 da 200 da Tundra ta 2007 zuwa 2021, in wajen 67 ne, 5x114.3 ne na su Highlander da Sienna.

Wannan mai sauƙi ne, domin in bai yi daidai ba rim ɗin ma ƙin shiga yake. Wahalar tana wurin waɗanda suke shiga.

Dubi ramin tsakiyar rim, wanda ke zama a kan wuyan hob, wato ƙarfen da kusoshin ke jiki, inda ake ɗaura rim. Na Hilux da Prado 150 milimita 106.1 ne. Na Ranger 93.1. Na L200 da Pajero na baya-bayan nan 67.1. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta koma rami shida, 6x139.7, amma ramin tsakiyarta 95.1 ne kuma kusoshinta milimita 14 ne, don haka rim ɗinta ba ya hawa Prado 150, na Prado 150 kuma ba don ita aka yi shi ba. Rim ɗin Ranger ba ya shiga Hilux saboda ramin ya yi ƙanƙanta, sai ka ji an ce a kai wa masu injin yankan ƙarfe su buɗe shi. Daga 93.1 zuwa 106.1 an cinye milimita shida da rabi a kowane gefe, daidai wurin da rim ya fi buƙatar nama. In mai injin ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, ka sayi rawar sitiyarin da babu balansin da zai kashe ta. Ni dai ban yarda da wannan aikin ba ko kaɗan.

Akasin haka kuma, rim ɗin Hilux a kan L200 yana shiga cikin sauƙi har da sauran fili, domin ramin ya fi wuyan hob faɗi da kusan milimita 39. Ba abin da ke riƙe shi a tsakiya lokacin ɗauri sai notuna. Akwai zobe da ake sa wa don cike wannan giɓin, a nemi na alminiyam, domin na roba ba ya jure zafin birki da laka.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato noti. Mutane suna ɗauka notin taya iri ɗaya ne, bambancinsu ƙyalli kawai. Noti yana da fuska biyu: cikinsa na mota ne, gindinsa na rim ne, kuma dole kowanne ya dace da nasa.

Cikin shi ne tiredi. Hilux, Prado 150, L200, Ranger da D-Max suna amfani da M12x1.5, ma'ana kaurin kusar milimita 12, kowane zagaye ɗaya noti yana matsawa milimita ɗaya da rabi. Nissan kuwa, Patrol Y61 da Navara, M12x1.25 ne. Kauri ɗaya, tiredi daban. Da ido ba za ka bambance su ba. In ka sa notin Nissan a kusar Toyota zai yi zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. Yaron da ya san aiki a nan zai tsaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko bindigar iska ko dogon bututu ya tura shi da ƙarfin tsiya, tiredin kusa da na noti duk su cinye. Zai ji tauri a hannu kamar ya ɗauru, alhali taurin na tiredin da ya lalace ne, rim ɗin bai matsu ba. Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce kowane noti a fara shi da yatsu. Notin da bai tafi zagaye huɗu ko biyar da yatsu ba, a cire shi a duba dalili. Land Cruiser 100, 200 da 300 M14x1.5 ne, wannan ko kusa ba ya haɗuwa da na 12.

Gindin noti kuma iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, mai kusurwar digiri 60, shi ne na rim ɗin ƙarfe da kusan duk rim ɗin aloy na kasuwa. Akwai mai kumburi kamar rabin ƙwallo, na su Mercedes da Volkswagen da Honda. Sannan akwai mai wosha da ɗan wuya da ke shiga cikin ramin, wanda Toyota ke sa wa rim ɗinta na aloy na asali. A nan ne ake yawan yin ɓarna a garin nan. Mutum ya ɓatar da notuna biyu na Prado, ya saya masu tsini a bakin titi ya cike gurbi. Mazaunin rim ɗin shimfiɗaɗɗe ne, tsinin noti ba ya taɓa komai sai bakin ramin. Ɗan siririn wuri ne ke ɗauke da duk matsin, alminiyam kuma ƙarfe ne mai laushi, sai ya riƙa lotsawa a hankali, notin ya yi sako-sako ba tare da ya juya ba. Haka ma in aka juya lamarin: notin Toyota mai wosha a kan rim ɗin kasuwa mai mazaunin mazurari, woshar ba ta samun wurin kwanciya.

Ga abin da kusan kowa ke mantawa. Ka sauya rim huɗu zuwa na kasuwa da notuna masu tsini, safayar da ke ƙarƙashin mota kuwa har yanzu aloy ɗin Toyota ce mai son noti mai wosha. Ranar da taya ta fashe a bayan Kauru, ba ka da notin da ya dace da ita. Ajiye shida daga cikin tsofaffin a leda kusa da jak. Ka kuma gwada sifanar motar a kan sababbin notunan tun a gida: na Hilux da Prado 150 lamba 21 ne, na Land Cruiser 22, na Ranger 19, kuma rim ɗin kasuwa da yawa raminsu matsattse ne, sifanar asali ba ta shiga sai soket mai siririn baki.

Sai yawan zagayen da noti ya kama. Ƙa'idar ita ce ya kama tiredi aƙalla gwargwadon kaurin kusar. Milimita 12 a raba da 1.5, zagaye takwas cikakku. Na Nissan kusan goma, na M14 tara zuwa goma. Ƙirga su ake yi, ba kintace ba. Rim ɗin aloy ya fi na ƙarfe kauri a wurin ramukan, saboda haka motar da ta zo da rim ɗin ƙarfe, kamar yawancin Hilux na aikin kamfani da na ma'aikatu, in aka sa mata aloy mai kauri za ka iya tarar zagaye biyar kawai ya rage. Maganinsa doguwar kusa. Sai dai a kula, in kusar ta yi tsawo kuma notin mai rufaffen kai ne, kan kusar zai tokare a ciki kafin noti ya matse rim. Shi ma tauri ne na ƙarya.

Faifan da ake zurawa tsakanin hob da rim don taya ta fito waje, sifesa, shi ma tiredi yake ci. Mai kaurin milimita 5 ya kwashe fiye da zagaye uku daga cikin takwas ɗin nan. Mai kauri da ake ɗaurewa da nasa notunan, na milimita 25 ko 30, ya fi, amma ka sani notunanka sun ninka kuma rabinsu a ɓoye suke, ba ka ganinsu sai ka cire taya. Ga mai bin burji mai gargada kullum, wannan ƙarin abin lura ne da ba ya buƙata.

Dalilin da ke sa a nemi sifesa tun farko yawanci an sayi rim mai ET ɗin da bai dace ba. A bayan rim akwai rubutu kamar 17x7.5J ET30, wanda shi ne na Hilux. Lambar ET tana nuna nisan fuskar ɗauri daga tsakiyar faɗin rim da milimita. In ta yi yawa taya tana shigewa ciki, in ta yi ƙasa tana fitowa waje. Ranger ET55 ce, Land Cruiser 200 ET60. Wannan rim ɗin Ranger da aka buɗe wa rami, ko an yi aikin da kyau, ya tura tayar Hilux ciki da milimita 25, in tayar mai faɗi ce sai ta goga hannun sama na ƙafar gaba. Masu son taya ta fito waje kamar ta motar yaƙi, su sa ET0 ko ƙasa da haka, su ma su san nauyin ya matsa nesa da boris, shi da boljoyin za su riƙa mutuwa da wuri, sitiyari ya riƙa fizga a rami, taya ta ci madigadi in an karya kwana, laka kuma har gilashin ƙofa. Daga ET30 zuwa wajen ET15 Hilux tana ɗauka ba rigima. Kar kuma a manta da birki: Prado 150 da Land Cruiser 200 birkinsu na gaba babba ne, rim mai inci 16 ba ya wuce shi.

To ko komai ya dace, saura ɗauri, kuma a nan ne al'adarmu ta fi muni. Kusoshi ba su ne ke ɗauke da nauyin mota kai tsaye ba. Aikinsu su matse rim a jikin hob, wannan matsin shi ke riƙe komai. Kusa tana ɗan miƙewa kamar roba in an ɗaure, ƙoƙarinta na komawa shi ne matsin. In aka wuce iyaka ta miƙe ba komawa, ta sirance a gindin tiredi, sauran aikin ramukan hanyar Birnin Gwari ne za su ƙarasa shi. Littafin Hilux ta 2005 zuwa 2015 ya ce Nm 105, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri. Land Cruiser 200 Nm 131 a kan aloy, 209 a kan rim ɗin ƙarfe. Yanzu ƙato mai kilo 70 ya hau ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, lissafinsa kusan Nm 690 ne tun kafin ya fara tsalle. Ya ninka abin da Hilux ke so fiye da sau shida. Kuma mai mota yana tsaye yana cewa "ƙara masa, doguwar tafiya zan yi". Masu faci ba su da laifi su kaɗai, mu ne muke auna ƙwazonsu da ƙarar da noti ya yi. Sifana mai awon ɗauri, wadda ke yin ƙas in an kai lambar da aka saita, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Duk mai motar daji ya kamata ya mallaki tasa.

Giris ko baƙin mai a kan tiredi shi ma kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya, wai don kada tsatsa ta kama. Lambobin nan na busasshen tiredi ne. Da maiƙo noti yana sulɓi, sai awo ɗaya ya ja kusar fiye da kima. Toyota da kanta ta hana a littafinta. Buroshin waya ya wadatar.

Buroshin nan kuma a bi da shi fuskar hob da bayan rim kafin a ɗora, musamman in an canza taya a cikin taɓo. Busasshiyar laka ko ɓawon tsatsa ko sabon fenti da ya maƙale a tsakani zai murƙushe bayan 'yan kilomita, matsin ya tafi, notuna suna nan a inda suke amma ba sa riƙe komai. A fara ɗaure su da hannu taya tana sama, ana tsallakawa zuwa na ɗaya gefen maimakon bin su a jere, a sauke jak, sannan a kai su awo a zagaye biyu. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bi, wato wanda ya ɗaure a Kawo ya kama hanyar Kano ya tsaya a Zariya ya gwada. Sabon rim ɗin aloy ya fi kowanne buƙatar wannan.

Taya ba ta ficewa ba sallama. Za ka ga jan layin tsatsa ko baƙin gari yana fitowa daga gindin noti, ko ka ji ƙwas-ƙwas da ke bin juyawar taya a ƙaramin gudu, ko sitiyari ya fara rawar da babu ita jiya. In aka cire rim aka ga ramukan sun zama kamar ƙwai, rim ɗin ya gama aiki, sabon noti ba zai cece shi ba. In kusa ɗaya ta karye, maƙwabtanta biyu sun riga sun sha nauyin da ba nasu ba, kuma bututun da ya miƙar da ita ya bi ta kan sauran, don haka a sauya duka na wannan ƙafar. Daga gaba ake buga tsohuwar ta fita ta bayan hob, a dasa sabuwa mai haƙoran gindi daidai da ramin hob. Wanda ya ce zai ɗana mata walda don kada ta juya, karɓi motarka ka gaba, zafin walda yana kashe ƙarfin ƙarfen kusa.