Ba wutar roka ce abin mamaki ba, ƙarfen da ya ƙi narkewa ne

Duk ranar da aka harba roka sai Facebook ya cika da hotunan wuta da hayaƙi, ana ta jinjina wa Elon Musk, mai kamfanin roka na SpaceX. Ni kuwa waɗanda suka fi burge ni ko fuskarsu ba a nunawa, wato masu haɗa ƙarafan da ake ƙera injin da su.

A cikin injin roka mai suna RS-25 na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, zafi yakan kai kusan digiri 3,300 a ma'aunin Selshiyas, alhali baƙin ƙarfe a 1,538 yake narkewa. To me ya hana injin zama ruwa? Bangon inda man ke ƙonewa da haɗin tagulla aka yi shi, aka tsaga ƙananan hanyoyi a jikinsa. Ruwan haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili yana bi ta nan yana kwashe zafin kafin ya shiga wuta. Man da za a ƙona shi ne ke hana injin ƙonewa. Wallahi wannan dabara ta fi hoton hayaƙi cancantar yabo.

Kuma wannan fage ba ya yafe kuskure. A 2003 guntun soson da ya ɓalle daga jikin tankin mai ya fasa rufin kabon na fiffiken kumbon Columbia, iska mai zafi ta kutsa lokacin dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka rasu.

Ga inda abin ke sosa mini rai. Bakin injin da ya saukar da kumbon Apollo a kan wata, da na injin saman rokar Falcon 9, da haɗin niyobiyam aka yi su, ƙarfen da sai a digiri 2,477 yake narkewa. Daga ina ake samun sa? Har da ma'adinin kolombait, wanda ake tsamowa tare da kuza a Jos. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Ɗanye muka sayar, aka bar mana kududdufai. Yau kasuwar tana hannun Brazil.

Amma har gobe, yaro ya samu gurbin injiniyan ƙarafa a ABU Zariya, sai ka ji a gida ana ce masa ya haƙura ya sake JAMB, ko Allah zai sa a dace da likitanci.